Ƙwayoyin bakteriya masu kwantar da laka a ruwa

Wasu ƙwayoyin bakteriya na fitar da sinadari mai yauƙi wanda ke dunƙule lakar da ta gurɓata ruwa har ta kwanta, kamar yadda alif ke yi.

A shekarar 1986 masana a Japan suka bayyana samun irinsa daga ƙwayar Rhodococcus erythropolis.

Burbushin laka na ɗauke da cajin lantarki iri ɗaya, abin da ke sa su ture juna. Zuba sinadarin kalsiyam kan rage wannan, ya taimaka wajen haɗe su.

Tsamin ruwa da zafinsa su ma suna da tasiri. Haka kuma idan sinadarin ya yi yawa, lakar kan ƙi kwanciya.

Saɓanin alif, yana ruɓewa ba tare da barin alminiyam a ruwa ba, sai dai tsadar samar da shi ta hana shi yaɗuwa.