Sunayen 'Ya'yan Charles Dickens

Charles Dickens, shahararren marubucin Ingila, ya haifi 'ya'ya goma da matarsa Catherine, kuma yawancin mazan ya raɗa musu sunayen marubuta. Ɗan farinsa, haihuwar 1837, har da Boz a sunansa, wato laƙabin da uban yake rubutu da shi. 'Ya'yansa Walter Landor, Alfred Tennyson da Edward Bulwer Lytton duk takwarorin abokansa ne, sunaye masu nauyi ga jarirai. Henry Fielding kuwa, na 1849, ya ci sunan marubucin ƙarni na 18 da Dickens ya karanta tun yana yaro. Henry ne ya fi 'yan'uwansa ɗaukaka, har ya zama alƙali. 'Yarsa Dora, ta 1850, sunan wata budurwa cikin littafinsa David Copperfield aka sa mata. Ta rasu kafin ta cika shekara.