Tarihin Rawar Soja da Bindiga

Rawar soja da bindiga, wato saɓa ta a kafaɗa da sauke ta da riƙe ta a gaba don girmamawa, ta samo asali ne daga wahalar ɗura bindigar dauri. A ƙarshen ƙarni na 16, ta baki ake ɗura bindigar sojan Turai: a zuba albarushi, a jefa dalma, a danna da sanda, sannan a kai igiya mai cin wuta ga ɗan kaskon albarushin da ke gefenta. Cikin cunkoson sahu, wanda ya yi gaggawa ko ya ruɗe sai ya babbake kansa ko na kusa da shi.

Yarima Maurice na Nassau, jagoran sojojin Holan a yaƙinsu da Sifaniya, shi da ɗan'uwansa William Louis ne suka rarraba wannan aiki daki-daki, kowane motsi da umarninsa. A 1607 Jacob de Gheyn ya fitar da littafi mai zane 117 na riƙon makamai, inda ɗura bindiga da harba ta kaɗai suka ci motsi fiye da 40. Sahun gaba ya harba, ya juya ya koma baya yana ɗuri, na biye da shi ya matso. Ta haka wuta ba ta yankewa. Wannan dabara ba ta yiwuwa sai kowa ya motsa lokaci guda, shi ya sa aka dage kan maimaici har hannu ya saba.

Furushiya ta kai abin matuƙa a ƙarni na 18, da sandar ɗuri ta ƙarfe maimakon ta itace, da jefa ƙafa tare, da horo mai tsanani wanda duka na cikinsa. Wani tsohon hafsanta, Baron von Steuben, ya isa sansanin George Washington da ke Valley Forge a 1778, ya horar da wani ƙaramin rukuni, su kuma suka koya wa saura. Littafinsa na 1779 ya daɗe yana zama madogarar sojan Amurka.

Mahaya dawakai nasu tsarin daban ne. Doguwar bindiga ba ta sarrafuwa a kan sirdi, sai aka ƙera musu gajeriya marar nauyi, karabin, wadda ake ratayawa da ɗamarar fata daga kafaɗar hagu, tana lilo a gefen dama. Galibi ba ta da banati, kuma hannun hagu na riƙe da linzami, don haka motsinta ya taƙaita. A farkon ƙarni na 20 Birtaniya ta kashe wannan bambanci da gajeriyar Lee-Enfield, bindiga ɗaya ga mahayi da mai tafiya ƙasa.

Zuwan bindiga mai ɗuri ta baya da mashinga ya mayar da tsayuwa kafaɗa da kafaɗa a fagen daga halaka tsagwaronta. Rawar ta koma bariki, kuma ba don ado kawai ba: babu hanya mafi sauri ta koya wa kurtu bin umarni da kula da inda bakin bindigarsa ya dosa. A fareti, soja kan ƙame ya riƙe bindiga tsaye a gaban ƙirji, kunama na kallon waje, don girmama tuta ko babban baƙo. A jana'iza kuwa kifar da ita ake yi, bakinta ƙasa, a sunkuyar da kai. Siffar makami ita ke sauya motsi har gobe: bindigar SA80 da Birtaniya ta karɓa a shekarun 1980 ta yi gajarta da yawa a dogara gindinta a ƙasa, dole aka sake tsarin.

Salon Ingila ne ya shigo Najeriya, tun daga dakarun Hausawa da John Glover ya haɗa a Legas a 1863, zuwa rundunar Afirka ta Yamma da aka ɗora wa Lugard kafawa a 1897, wadda Hausa ta zama harshen barikinta. A dafon soja na Zariya, da aka kafa a 1924, har yanzu ana koya wa kurata wannan rawa kafin a yaye su.