Yadda Gicciye Ya Shiga Rayuwar Kirista ta Yau da Kullum

A shekarar 1968 ana aikin gini a unguwar Givat HaMivtar da ke Urushalima sai aka ci karo da tsoffin kaburbura. A wani akwatin dutse aka tarar da ƙashin diddigen wani mutum mai suna Yehohanan, ƙusar ƙarfe tana nan kafe a ciki, tsininta ya lanƙwashe. Mutumin ya rayu a ƙarnin da aka gicciye Yesu Almasihu. Wannan hukunci Romawa sun ware shi ne don bayi da 'yan tawaye, a bakin hanya suke zartar da shi, mai wucewa ya gani ya shiga taitayinsa. Da suka murƙushe tawayen Spartacus a shekara ta 71 kafin haihuwar Almasihu, bayi wajen 6,000 suka jera a kan gicciye daga Capua har Roma.

To, wa zai rataya irin wannan abu a wuya? Kiristocin farko sun sha ba'a a kansa. A bangon wani gini da aka tono a tudun Palatine na Roma a 1857, akwai zanen mutum mai kan jaki a bisa gicciye, wanda aka yi don a ci zarafin wani Kirista mai suna Alexamenos. Su kuwa masu bi, a makabartunsu na ƙarƙashin ƙasa sun fi zana kifi da kurciya da makiyayi ɗauke da tunkiya.

Amma abin da ba su zana a bango ba, suna zana shi a jikinsu. Tertullian, malamin ikkilisiya daga Carthage a Tunisiya ta yau, ya rubuta a farkon ƙarni na 3 cewa Kirista kan shata alamar gicciye a goshi idan zai fita gida ko zai shiga, idan zai sa riga da takalmi, lokacin wanka da cin abinci da kunna fitila, har zuwa kwanciya. Nan ne zuciyar tarihin take. Tun ikkilisiya ba ta da manyan gine-gine, tun ana tsananta mata, talaka mai bi ya riga ya haɗa mutuwar Ubangijinsa da ƙananan hidimomin yini, yana tuna wa kansa cewa da tsada aka fanshe shi.

Al'amura suka juya bayan nasarar sarkin Roma Constantine a gadar Milvian a 312. Shi ne ya hana hukuncin gicciye. Mahaifiyarsa Helena ta ziyarci Urushalima wajen 326, a 335 kuma aka keɓe majami'ar da aka gina a wurin kabarin Yesu. Wata mai ziyara, Egeria, ta ga ibadar Juma'ar gicciye a can wajen 380. Bishop na zaune ya danne itacen da aka yi imani shi ne na ainihin gicciyen Yesu da hannuwansa, jama'a suna zuwa ɗaya bayan ɗaya suna taɓa shi da goshi da idanu, su sumbace shi. Dikinoni sun kewaye wurin sun zuba ido, domin an ce wani ya taɓa gatsar itacen ya tafi da guntu.

Duk da haka siffar Yesu a kan gicciye ta daɗe ba ta shiga majami'a ba. Ɗaya daga cikin mafi tsufa tana jikin ƙofar katako ta cocin Santa Sabina a Roma, aikin wajen 430. Gicciyen Gero da ke Cologne a Jamus, na wajen 970, ya nuna shi ya riga ya cika, kai a sunkuye.

A 1342 aka danƙa wa 'yan ɗariƙar Francis kula da wurare masu tsarki na Urushalima, su ne kuma suka yaɗa ibadar Hanyar Gicciye don waɗanda ba su da halin zuwa can. Fafaroma Clement na 12 ya tsayar da tashoshinta 14 a 1731. Waɗannan tashoshin ne 'yan Katolika a Jos da Kaduna da Kafanchan ke bi kowace Juma'a ta kwana 40 na azumin da ke gabanin Ista, yayin da yawancin majami'un Furotesta ke kafa gicciye ba kowa a kai, shaidar cewa wanda aka kafe ɗin ya tashi daga matattu.