Daga Alshajara zuwa Ailafun: Sa'ad da Sudan ta Tilasta wa Samari Aikin Soja

A kudancin birnin Hartum, a bakin kogin Farin Nilu, akwai wata unguwa da ake kira Alshajara, wato "itace" da Larabci. A zamanin Turawan Ingila ana ce da wurin Itacen Gordon. Daga baya aka kafa babban barikin sojojin tankokin yaƙi a nan, da kuma masana'antar harsashi. Makamai kuwa ba su yin yaƙi da kansu, sai da hannuwan da za su riƙe su. Yadda gwamnatin Sudan ta nemo waɗannan hannuwa, tarihi ne da ya kamata a sani.

Yaƙin basasa na biyu ya ɓarke a 1983 tsakanin gwamnati da 'yan tawayen kudu a ƙarƙashin John Garang. Sa'ad da Umar al-Bashir ya ƙwace mulki ran 30 ga Yuni 1989, ya tarar da soja a gajiye. A cikin wannan shekara aka kafa Rundunar Tsaro ta Jama'a, a 1992 kuma aka yi dokar bautar ƙasa. Dokar ta hau kan masu shekara 18 zuwa 33. Wanda bai yi karatu mai zurfi ba zai yi wata 24, wanda ya gama sakandare wata 18, mai digiri kuwa wata 12.

A takarda abin ya yi kama da adalci, gama ƙasa ta kowa ce, nauyin tsaronta kuma na kowa. Amma a kan titi dabam ne. Sojoji sukan tare motocin haya a Hartum da Umdurman, su sauke samari, wanda ba shi da takardar shaida a jefa shi cikin babbar mota. Mutanen gari suna kiran wannan kamu "kasha". Uwa takan aiki ɗanta kasuwa da safe, sai bayan kwanaki ta ji yana sansani. Masu hali sukan fitar da 'ya'yansu zuwa Masar ko wata ƙasa, saboda haka nauyin ya fi sauka a kan talakawa na unguwannin gefen gari, inda 'yan gudun hijira daga kudu da Duwatsun Nuba suke zaune, tare da jikokin Hausawa da Fulani waɗanda kakanninsu suka yada zango a hanyar Makka.

Ga Kiristocin da ke cikinsu akwai wani ƙunci na musamman. Gwamnati ta kira yaƙin jihadi, horon sansani kuma cike yake da wa'azi da waƙoƙin jihadi. Idan saurayi ya mutu a fagen fama, jami'ai sukan zo gidan iyayensa su yi abin da suke kira "bikin auren shahidi". Ga saurayin da aka yi wa baftisma a Juba ko Wau, ma'anar abin ita ce a ba shi bindiga ya koma garinsu ya harbi danginsa, da sunan addinin da ba nasa ba. Iyaye Musulmi da yawa su ma ba su yarda ba, ko da yake faɗin haka a fili yana da hatsari a lokacin.

A 1997 aka ƙara matsa lamba: ɗalibin da ya gama sakandare ba zai shiga jami'a ba sai ya bi ta sansani. An tura da yawa daga cikinsu kudu bayan horo na 'yan makonni.

Sai ga abin da ya faru ran 2 ga Afrilu 1998 a sansanin Ailafun, a bakin Shuɗin Nilu, kudu maso gabas da Hartum. Babbar Salla ta gabato, samarin suka roƙi izinin zuwa gida, aka hana su. Suka fasa sansanin suka nufi kogi. Gwamnati ta ce jirgin ruwan da suka cika ne ya kife, mutum hamsin da 'yan kai suka nutse. 'Yan adawa da waɗanda suka tsira suka ce masu gadi sun buɗe wuta, matattu kuma sun haura ɗari. An binne da yawa ba tare da iyayensu sun ga gawa ba. Sai a Yuni 2020, bayan faɗuwar al-Bashir, babban mai gabatar da ƙara na ƙasar ya sanar cewa an gano wani kabarin bai ɗaya da ake zaton nasu ne.

Mai karatu a Nijeriya zai tuna da bautar ƙasa da Janar Yakubu Gowon ya kafa a 1973. Ita ma tilas ce, amma an kafa ta bayan yaƙi ya ƙare domin a ɗinke ɓaraka, aka ba matasa alli da allura maimakon bindiga. Ta Sudan an yi ta ne ana tsakiyar yaƙi, domin a ci gaba da shi, ba ta kuwa hana kudu ɓallewa a 2011 ba.

Yaƙin ya zo Alshajara da kansa a 2023, sa'ad da dakarun RSF suka kewaye barikin tankokin wata da watanni. A Yuni na shekarar Janar Abdul Fattah al-Burhan ya yi kira ga samari su zo su ɗauki makami, waɗansu kuwa suka amsa da ƙafafunsu. Barikin bai faɗi ba har soja suka karɓe Hartum a Maris 2025.