Kusheyin Durbi da Kan Yumɓu na Nok: Abin da Ƙasa Ta Adana Mana



Duk wanda ya taɓa bin hanyar Binji daga nan Sakkwato ya ji labarin Surame, birnin da Muhammadu Kanta, Sarkin Kabi, ya gina a ƙarni na 16. Ganuwarsa ta dutse tana nan har yau, amma mutanen birnin sun watse tun da aka mayar da sarauta Birnin Kebbi. Yawancinmu mun san sunan, kaɗan ne suka taɓa tambayar abin da ke kwance a ƙarƙashin irin waɗannan kufai. A ƙasarmu an fara neman amsar wannan tambaya da fatanya da shebur ne a farkon ƙarni na 20, kuma yadda aka fara yana da abin koya mana.

Mu fara da Katsina. A gabas da birnin, a ƙasar Mani, akwai wasu tuddai da ake kira Durɓi ta Kusheyi. Sunan kansa ya faɗi abin da ke wurin, domin kusheyi jam'in kushewa ne, wato kaburbura. Labarin baka ya ce nan aka binne sarakunan Durɓawa, waɗanda suka riƙe Katsina kafin Muhammadu Korau. A shekara ta 1907 wani Bature mai suna Palmer, wanda ke kula da Katsina a ƙarƙashin mulkin Ingila, ya sa aka tone wasu daga cikin tuddan tare da haɗin kan Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. An sami tukwane da kayan ƙarfe. Sai dai kayan sun salwanta daga baya, bayanin da aka rubuta a kansu kuma bai taka kara ya karya ba. An buɗe kabarin, an kwashe kayan, labarin ya bi ruwa.

Sai a 1992 aka sake komawa wurin, ƙarƙashin wani masani Bajamushe, Dierk Lange, tare da hukumar gidajen tarihi ta Najeriya. A wannan karo an yi aikin da natsuwa. A tsakiyar kowane tudu an tarar da mutum guda, an binne shi da kayan ado: ƴan kunne na zinariya, duwatsun wuya, wuri, da wata tasa ta ƙarfe da aka ƙera a ƙasashen gabas. An kai kayan birnin Mainz na Jamus aka gyara su, aka kuma dawo da su gida. Sun nuna cewa shekaru ɗari biyar zuwa ɗari bakwai da suka wuce, ayarin fatake na haɗa ƙasar Hausa da kasuwannin da ke bayan Sahara. Wuri ɗaya ne aka tona sau biyu. Na farko ya bar mana rami, na biyu ya bar mana ilimi, kuma bambancin yana cikin haƙuri da rubuta kowane abu a inda aka same shi.

Labari na biyu ya shafi da yawa daga cikinmu da iyayenmu suka taso daga kudancin Kaduna da Filato. A 1928 masu haƙar kuza kusa da ƙauyen Nok, a ƙasar Ham, suka tono wani ɗan ƙaramin kai na gasasshen yumɓu. Ba wanda ya gane darajarsa a lokacin. A 1943 aka sake samun wani kai a yankin Jama'a, wanda ya same shi kuma ya ɗora shi kan mutum-mutumi a gonarsa ta doya. Daga gonar ne ya isa hannun Bernard Fagg, wanda ya lura cewa salonsa ɗaya ne da na 1928. Da haka aka gano al'ummar da a yau duniya ke kira Nok, mutanen da suka ƙera siffofi masu ban mamaki ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Almasihu. A Taruga an tono matoyansu na narka tama. Aikin Fagg ne ya kai ga buɗe gidan tarihi na Jos a 1952.

A daidai wannan zamani ake tone-tone a ƙasashen Littafi Mai Tsarki. Daga 1922 zuwa 1934 Leonard Woolley ya tone Ur a kudancin Iraƙi, birnin da masana da yawa ke ɗauka shi ne wanda Ibrahim ya baro. Ya rubuta abin da ya gani daki-daki, shi ya sa har yau ɗalibai ke iya sanin irin gidaje da kaburburan mutanen wurin. Idan muna jin daɗin karanta labarin Ur, ya kamata mu tuna cewa namu kufan ma suna da abin faɗa, in dai mun bar su su kai ga masu iya sauraro.

A nan ne abin ya zo mana gida. A ƙarshen ƙarnin da ya wuce, siffofin yumɓu da ake kira na Sakkwato da na Katsina suka cika kasuwannin Turai. Ba masana ne suka tono yawancinsu ba, masu haƙa a ɓoye ne suka sayar wa dillalai. A shekara ta 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa su, tare da na Nok, cikin jerin kayan Afirka da ke cikin haɗarin sata. Siffar da aka fizge daga ƙasa ba tare da an auna zurfinta ko an duba gawayi da tsingaron da ke gefenta ba, ta zama kamar wasiƙar da aka yage sunan marubucinta. Talauci ne ke tura matasa cikin waɗannan ramuka, amma ɗan abin da dillali zai bayar yakan ƙare cikin mako guda, tarihin kuwa ya tafi ke nan.

A Joshuwa sura 4 mun karanta yadda aka kafa duwatsu goma sha biyu bayan haye Urdun, domin ƴaƴa su yi tambaya iyaye su ba da amsa. Jama'ar da ta sayar da duwatsunta ba za ta sami abin nuna wa ƴaƴanta ba. Saboda haka idan ɗayanmu yana haƙa rijiya ko harsashin gini ko yana noma ya ci karo da tsohuwar tukunya ko siffar yumɓu, ya bar ta a inda take, ya ɗauki hoto, ya sanar da mai unguwa da ma'aikatan gidan tarihi. Kada mu farfasa ta don tsoro, kada kuma mu sayar don kwaɗayi. Zumuntarmu ma tana iya shirya ziyara zuwa cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu da ke nan cikin gari, mu je da ƙannenmu na makarantar Lahadi.

Ubangiji ya ba mu hikimar riƙe amana.