Yadda babur ya samu giyar ribas

Ka tsaya a bakin kasuwar Jega ka kalli ɗan kabu-kabu in ya shiga lungun da bai ɓulle ba. Ƙafa zai sauke ƙasa ya riƙa tura babur baya. Boxer ɗinsa kilo ɗari ne da 'yan kai, don haka masu ƙera shi ba su ga amfanin sa masa ribas ba. Amma babur mai ƙafa uku da ya yi lodin buhunan albasa daga Aliero, wannan kam ƙafar mutum ba za ta iya da shi ba.

Nauyi ne ya kawo ribas, kuma ta wajen masu ƙafa uku ya fara yaɗuwa. A 1932 kamfanin Harley-Davidson na Amurka ya fito da Servi-Car, mai ƙafa uku da akwatin kaya a baya, ba a daɗe ba aka sa masa giyar baya. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Jamus sun hau BMW R75 mai kujerar gefe, shi ma da ribas, don ba mai iya ciro irin wannan nauyi daga laka da hannu.

Dabarar ba wuya. Haƙoran giya biyu in sun haɗu, ɗaya na juyawa dama, ɗaya hagu. Ka sa ƙarami na uku a tsakaninsu, sai juyin ya koma ɗaya ɓangaren, taya ta yi baya alhali injin bai sauya komai ba.

Mai ƙafa biyu kuwa ya daɗe yana jira. Cikin akwatin giyarsa wuri ya yi kaɗan, sannan an karkata ƙafar gaba ne don ta riƙa miƙe kanta in ana tafiya gaba. In aka yi baya da gudu, kan babur sai ya nemi murɗewa. Da Honda ta fito da Gold Wing GL1500 a 1988, wanda ya haura kilo 350, sai ta kauce wa akwatin giyar. Sitata, wato motar lantarkin da ke tayar da injin, ita aka ba aikin jan babur baya a hankali, ƙasa da saurin mai tafiya a ƙafa. A ganina wannan ce dabarar da ta fi kowace wayo, tunda an yi amfani da abin da ke jikin babur tun asali.

Mu nan ta Keke NAPEP muka san ribas, bayan gwamnatin Obasanjo ta kafa shirin rage talauci a 2001. Su kuma masu ɗaukar kaya 'yan China, yawanci injin babur ne kawai wanda bai da ribas, sai aka ɗaura wani ƙaramin akwati tsakaninsa da sandar da ke juya tayoyin baya. Hannun da direba ke ja a gefe kafin ya yi baya, na wannan akwatin ne.