Inda ɗaliba za ta kai ƙara idan an ci zarafinta a makarantar gwamnati

A dokar Nijeriya, malamin da ya nemi ɗalibarsa da lalata don ya ba ta maki, ko shugaban makarantar da ya hana yarinya wata dama saboda kawai ita mace ce, ya taɓa haƙƙin da kundin tsarin mulki ya kare. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya haramta nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda jinsinsa ko ƙabilarsa ko addininsa, sashe na 34 kuma ya tabbatar wa kowa kare mutuncinsa. Wahalar da iyaye da ɗalibai suka fi fuskanta ita ce sanin ƙofar da ya kamata su ƙwanƙwasa, domin ƙofofin suna da yawa, kuma kowace da iyakar ikonta.

Abu na farko shi ne rarrabe irin laifin. Nuna bambanci, kamar hana ɗalibai mata shiga ajin kimiyya ko korar yarinya daga karatu har abada saboda ta samu juna biyu, matsala ce da hukumomin ilimi da na kare haƙƙin ɗan Adam za su iya gyarawa. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta ce a bai wa yarinyar da ta yi ciki damar ci gaba da karatu bayan ta haihu. Amma taɓa jiki da neman lalata da barazanar kayarwa a jarrabawa da fyaɗe duk laifuka ne da kotu ke hukuntawa. Wannan doka ta ɗauki duk wanda bai kai shekara 18 ba a matsayin yaro, ta kuma tanadi ɗaurin rai da rai ga wanda ya sadu da shi. Kariyar ta haɗa da yara maza, waɗanda su ma ake cin zarafinsu, musamman a makarantun kwana, sai dai kunya takan rufe bakinsu fiye da 'yan mata.

A firamare da ƙaramar sakandare, ƙorafi yakan fara daga malamin ba da shawara ko shugaban makaranta, sannan kwamitin al'umma mai kula da makaranta, wato SBMC, da ƙungiyar iyaye da malamai. Idan wanda ake zargi shi ne shugaban da kansa, ko aka ga alamar ana son a binne maganar, sai a wuce zuwa ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, daga nan hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB. Manyan sakandaren jiha suna ƙarƙashin ma'aikatar ilimi ta jihar, kwalejojin haɗin kai na tarayya kuwa Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da ke Abuja ce ke riƙe da su. Akwai kuma Hukumar Rajistar Malamai ta Ƙasa, TRCN, wadda aka kafa da dokar 1993, mai ikon bincikar malami da soke sunansa daga rajista. Wannan hanya tana da muhimmanci, domin abin da aka saba gani shi ne a sauya wa malamin wurin aiki, ya tafi wata makarantar da halinsa.

Duk waɗannan hukumomi horon aiki kawai za su iya yi: dakatarwa ko rage muƙami ko kora. Ba su da ikon yafe laifin da doka ta ce a gurfanar da mai shi. Saboda haka kai ƙara ga makaranta ba ya hana kai ta ga 'yan sanda a rana ɗaya, kuma babu shugaban makarantar da doka ta ba ikon hana iyaye yin haka da sunan kare martabar makaranta. Zaman sulhun da ake yi a ofis, a ba da haƙuri, wani lokaci har da kuɗi, ya kan bar yarinyar a aji ɗaya da wanda ya cuce ta.

Dokar Hana Cin Zarafin Mutane, wadda aka fi sani da VAPP, da aka sa wa hannu a watan Mayun 2015, tana aiki kai tsaye a Babban Birnin Tarayya, inda hukumar NAPTIP ke kula da aiwatar da ita, jihohi da dama kuma sun kafa irinta. A 2019 aka ƙaddamar da kundin ƙasa na sunayen waɗanda kotu ta kama da laifukan lalata. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa tana karɓar ƙorafi kyauta a ofisoshinta na jihohi, haka nan Hukumar Ba da Agajin Shari'a da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA suna tsaya wa marasa hali.

A jami'o'i da kwalejoji, hukumar ICPC ce ta buɗe wata hanya da mutane da yawa ba su sani ba. Tana ɗaukar neman lalata don ba da maki a matsayin cin hanci da amfani da muƙami ta hanyar da ba ta dace ba, tun da malamin jami'ar gwamnati ma'aikacin gwamnati ne. Da wannan hujja ta gurfanar da Farfesa Richard Akindele na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, bayan da sautin hirar wayarsa da wata ɗaliba ya bazu a 2018. Jami'ar ta kore shi, a watan Disambar shekarar kuma Babbar Kotun Tarayya da ke Osogbo ta ɗaure shi shekara biyu bayan ya amsa laifinsa. Shirin binciken da sashen Africa Eye na BBC ya fitar a Oktoban 2019 a kan Jami'ar Legas da Jami'ar Ghana ya ƙara zafafa maganar. A Yulin 2020 Majalisar Dattawa ta amince da ƙudurin Sanata Ovie Omo-Agege na hukunta masu wannan ɗabi'a a manyan makarantu, amma wa'adin majalisa ta tara ya ƙare a 2023 ba tare da an sa masa hannu ba.

Shari'ar Ile-Ife ta tsaya ne a kan hujja. Dokar Shaida ta 2011 ta yarda kotu ta karɓi shaidar na'ura, don haka kada a goge saƙonnin waya ko na WhatsApp ko sautin da aka naɗa. Ƙorafi ya kasance a rubuce, da kwanan wata da wuri da sunayen waɗanda suka gani ko aka fara gaya wa, a kuma riƙe kwafin da ofis ya buga wa hatimin karɓa. Ƙorafin baki shi ne ya fi saurin ɓacewa.

Idan abin ya kai ga fyaɗe, asibiti ne farko, kafin wanka ko wanke tufafi. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau sai an fara shan sa cikin awa 72 yake amfani, rahoton likita kuma shi ne ƙashin bayan shari'a. Akwai cibiyoyi na musamman da ke yin wannan aiki kyauta cikin sirri, irin su Waraka a Asibitin Murtala Muhammad da ke Kano, da cibiyoyin Salama a jihar Kaduna, da Nana Khadija a Sakkwato, da Mirabel a Ikeja ta jihar Legas. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112.